Dubu, Goma Babu

Ƙarar ƴaƴan tasbaha a kan kwanon tasa ce ta jawo ni cikin wannan sana'a. Watana biyu a Tabotaki a lokacin. Ina wanke-wanke a tsakar gida bayan la'asar, surukina yana zaune a kan buzu a bakin ɗakinsa yana lazimi, sai zaren tasbaharsa ya tsinke. Wasu ƴaƴan suka zubo a kan kwanon da na kife kusa da shi don ya sha iska, wasu suka shige cikin rairayi. Bai yi magana ba saboda bai idar ba, sai ya nuna mini ƙasa da haɓa. Na tsince su, na ɗauko allura da zaren da nake ɗinke zane da shi, na zura, na ƙulla, na ajiye masa a gefen buzu. Na koma bakin aikina ina ganin na yi abin kirki.

Da safe ƙanwarsa ta shigo, wadda duk gari ke kira Inna Cima mai tasbaha. Ta ɗauki aikina ta juya shi a hannu.

"Amarya, ke kinka yi wanga?"

Na ce ni ce.

"Nawa kinka zura?"

"Duka, Inna."

"Duka ba ƙidaya ba ta. An ce mani kin yi koleji a Buza. Can ba a koya maku hwaɗin nawa?"

Ta sa yatsa biyu ta ja zaren, ya tsinke nan take. Ta sa ni na ƙidaya a gabanta, muka samu casa'in da bakwai. Ɗaya mun gan shi a ƙarƙashin turmi. Ɗayan har yau kazar gidan nake zargi.

"Kin sa tsoho ya yi lazimi ukku da giɓi," in ji ta. "Gobe in kin ƙare daka, ki taho gidana."

Yau shekara ashirin da wani abu ke nan. Ina rubuta wannan ne saboda ku ƴan matan da ke zuwa wurina in an tashi lakkwal, wato makarantar boko, kuna cewa in koya muku kafin salla, ai zura zare ne kawai. Akwai zura zare a ciki, ban musa ba. Wannan ɓangaren kwana uku ya ishe ku.

Kayan aikin ba su cika kwando ba. Faranti mai baki, don kada ƴaƴa su gangare. Allura biyu, siririya da mai kauri. Basilla ta buɗe huji, domin ƴaƴan itace da ake sarowa daga kasuwar Madawa sukan zo da huji rabi, in kika tura allura da ƙarfi ɗan ya dare. Kakin zuma na murza wa zare, reza, da ashana ta ƙona bakin zaren ya dunƙule. Inna Cima da na auduga take aiki, riɓi shida, ita take murza abinta a cinya. Ni na koma na roba irin na masu ɗinkin takalmi, amma har yanzu ina shafa masa kaki, don hannu mai zufa yana cin zare kamar yadda guga ke cin bakin rijiya. Dogon ɗan da bakin zare biyu ke haɗuwa a cikinsa shi ne liman. Ƙananan da ake sa wa a tsakani, don yatsa ya san inda ya kai, mu muna ce musu shaida. Ƙullin liman shi ne ƙarshen abin da ake koya wa mutum, kuma ni sai da na shekara biyu aka bar ni na yi shi.

Shekarar farko ko allura ban taɓa ba. Aikina in ware masu tsaga da masu ƙaramin huji, sannan in ƙidaya. Dokarta sau uku ce. Na farko a kan faranti, tsibi-tsibi, goma-goma. Na biyu a kan zare kafin a ƙulla. Na uku bayan ƙulli, ido rufe, da babban yatsa, yadda mai ita zai ja ta. Wata rana na gaji na ce, "Inna, ai na biyun ya fito daidai." Ta ce, "Mai ja ba shi ƙidaya, ɗiyata. Shina magana da Ubangijinai. Ke ya bar ma ƙidaya."

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai na wani makiyayi ne da ke sauka da raƙuma bayan gari. A wuya yake rataya tasa, rana da zufa sun mayar da zaren kamar busasshiyar ciyawa. Hausarsa kaɗan ce. Ya nuna mini da hannu cewa kada in wanke ƴaƴan, baƙin da suka yi na hannun mahaifinsa ne. Na yi masa riɓi takwas. Bayan shekara uku ya aiko mini da cuku a ƙulle a tsumma, ɗan aiken ya ce wai har yanzu ba ta tsinke ba. Masu mota ƙarama suke so, mai talatin da uku, wadda za ta shiga aljihu. Tsofaffi mata suna son manyan ƴaƴa saboda yatsu sun sandare. Akwai masu son casa'in da tara, akwai masu son ɗari cif, kuma ba a haɗa su, sai kin tambayi mutum abin da yake ja. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne wanda aka kawo wa tsarabar Makka ɗa guda ya ɓata. Duk wanda kika sa a gurbin, sai ya ce bai yi kama ba.

Babban aikin gidan Inna Cima kuwa shi ne dubu saba'in. A nan wurinmu in an yi rasuwa, mata sukan taru su ja wa mamaci hailala dubu saba'in kafin sadakar bakwai. Na san akwai samarin da suka yi karatu waje suna cewa ba su ga wannan adadi a littafi ba. Ni ba malama ba ce, ba na jayayya. Mun tarar da iyayenmu suna yi, kalmar kuwa ba wanda ya ce kada a faɗe ta.

Wannan lamba na gan ta da fuska huɗu. Mushenmu na kalkil a koleji, wato malamin lissafi, yakan rubuta bakwai da sifiri, ya bar ɗan fili, ya ƙara sifiri uku, in zai faɗa da Faransanci kuma sai ya ce sittin da goma sau dubu, don harshen nan ba shi da kalmar saba'in. Malam Idi, limamin unguwarmu, haruffa biyu yake sa wa a allo, ain da shin, ya ce a hisabinsu ain saba'in ce, shin dubu. Tsofaffi su ce zambar saba'in. Inna Cima, da ba ta taɓa riƙe alli ba, nata rubutun ƙwallon dabino saba'in ne a cikin ƴar ƙwarya, kowane ƙwallo dubu.

Ga yadda ake yi. Akwai doguwar tasbaha mai ƴaƴa dubu da liman ɗaya. Mata su zauna da'ira, kowa ta riƙe gefenta, ana turawa hannun dama, kowane ɗa ya wuce yatsanki ki faɗi kalma. In liman ya dawo hannun wadda ta fara, kowace mace ta yi dubu ke nan, sai ta ɗauki ƙwallo ɗaya daga ƙwarya ta jefa a kwano. Ranar da ƙwarya ta koma wayam, an cika. In mu goma ne, zagaye bakwai. In bakwai ne, zagaye goma. In sha huɗu ne, zagaye biyar, gwiwa na gugar gwiwa. In mata tara suka zo kuwa, bayan zagaye bakwai ƙwallo bakwai ne zai rage, dole a tada biyu su je su duba tukunya, kuma ban taɓa ganin an tada su ba tare da ɓacin rai ba.

Ina son lambar nan tun ina yarinya a sana'a. Wata rana na ɗauko tsohon kayena, littafin rubutuna na koleji, na zauna da ita. Na raba ta biyu, dubu talatin da biyar. Na sake, dubu sha bakwai da ɗari biyar. Na sake, dubu takwas da ɗari bakwai da hamsin. Na sake, dubu huɗu da ɗari uku da saba'in da biyar, daga nan biyu ta ƙi shiga. Na koma raba ta biyar: ɗari takwas da saba'in da biyar, ɗari da saba'in da biyar, talatin da biyar, bakwai. Ashe duk girmanta biyu ne sau huɗu, biyar sau huɗu, da bakwai guda a tsaye a ƙarshe. Na lissafa lambobin da ke raba ta ba saura, na samu hamsin. Na kai wa Inna Cima ina murna, na ce ta ga, uku ba ta shiga, tara ba ta shiga, sha ɗaya ba ta shiga.

Ta dubi takardar a juye. "Dut wanga rubutu don ki gane ba ta son ukku? Ni tun ina budurwa na san in mata ukku sunka raba ta, guda na saura."

Haka ne kuwa, ɗaya ke ragewa.

Wasu tsofaffin da ba su iya zaman da'ira sukan ce a ba su nasu su ja a ɗaki. Akwai wata Iya Ai, kunnenta ya yi nauyi, da ta ce ita kaɗai za ta yi wa yayarta. Kafin kunu ya huce ta aiko wai ta gama. Ashe dubu da saba'in ta ji. Ƴar "da" ɗin nan ta cinye mata kusan dubu sittin da tara. Da aka yi mata bayani da ƙarfi a kunne, sai ta ce, "To ita ma ai ba ta yi mani ko guda ba," ta kuwa zauna ta yi wata guda tana ja har ta cika. Irin waɗannan ni nake yi wa lissafi. In tasbaharki mai casa'in da tara ce, zagaye ɗari bakwai ba ya kai ki. Sai kin yi ɗari bakwai da bakwai, ki ƙara ƴaƴa bakwai a kai. Na faɗa wa mutane wannan ya fi a ƙirga. Ku riƙe shi, don ku san ba rashin sani ne ya kai ni ga abin da zan gaya muku ba.

Shekarar da ta fi kowace wuya, ruwa ya ɗauke hatsi yana bununi. Maza suka tafi biɗa, neman kuɗi a wasu garuruwa, tun kafin kaka. Wanda ba shi da kuɗin dawon fura ba ya sayen tasbaha, na yi wata huɗu ban sayar da ko ta aljihu ba. Da bazara ta kama sai sanƙarau ya shigo. Doguwar tasbahar da muke amfani da ita ba tamu ba ce, ta wata ƙawar Inna Cima ce a Deule, aro ake aikawa. A wannan shekarar su ma can ba ta hutawa. Aka yi rasuwa biyu a unguwarmu a mako ɗaya, aka aika, aka ce ba hali.

Inna Cima tana kwance a lokacin, ƙirji ya kama ta. Ta ce in yi mana tamu. Ba ni da ƴaƴa dubu iri ɗaya a gida, Madawa kuma ta yi nisa, ga ni ina jego, ga babban ɗana da zazzaɓi. Maigida bai tafi biɗa ba saboda tsoho. Ranar kasuwar Buza ya je ya sayo tasbahar roba goma shiryayyu, irin masu araha waɗanda ko shaida ba a sa musu ba, ƴaƴa ne kawai da liman. Ya ajiye mini ya ce, "Masu ɗari na ce a ba ni, masu ɗari anka ba ni."

Mata suna can gidan makoki tun hantsi suna jira. Na yanke liman goma na zuba a gwangwani. Ban juye ƴaƴan a faranti ba. Daga zarensu na riƙa turo su kai tsaye a kan nawa, jaririya a cinya. Na sa liman ɗaya babba na itace, na ƙulla. Da zan fita na leƙa ɗakin Inna Cima in nuna mata.

"Kin ƙidaya?"

"Ɗari-ɗari goma ne, Inna."

"Ba shi na tambaya ba," in ji ta, sai tari ya sarƙe ta. An riga an aiko kirana sau biyu. Na ba ta ruwa na tafi.

Ba ta ga damina ba. Tata hailalar ita ce ta huɗu da muka ja da sabuwar tasbahar. Ƙwaryarta da ƙwallayen dabinonta suka dawo hannuna, kuma daga ranar ni nake faɗa wa masu gida, in ƙwarya ta koma wayam, "An cika, Allah shi kai lada kabarinta," ko "kabarinai." Shekara shida muka yi haka. Mutum sha uku.

Ta sha ukun ita ce Haway mai fura, maƙwabciyata, katanga ɗaya. Ta yi jinyar kwana tara ta rasu, ta bar ɗiya guda, Balki, mai shekara goma. Ranar da muka fara ja, yarinyar ta zo ta kutsa tsakanina da Hajiya Dije, ta kai hannu ga tasbaha. Hajiya Dije matar marigayi Alhaji mai shago ce, ita ce babbarmu a da'ira, kuma ba ta tauna magana. Ta ce, "Tashi, wurin manya na. Je ki kawo ma baƙi ruwa." Haka al'adar take, yara ba su zama. Yarinyar ta tashi. Muka yi kwana uku muka gama, na faɗi abin da na saba faɗa, na bar tasbahar a gidan don hannuna cike yake da kwanuka.

Washegari da hantsi ina shara sai ga Balki da ita a cikin ƙwarya, allon lakkwal a hammata. Ta gaishe ni ta ajiye, amma ba ta tafi ba.

"Inna Habsu, tasbahar ga dubu ta, goma babu."

"Wa ya ce ki ƙidaya?"

"Ba kowa. An hana ni ja, sai na ƙidaya."

Ta nuna mini allon. Kowane ɗari ta ja masa layi ɗaya da alli. Layi tara, sannan ta rubuta casa'in a gefe. A ƙasa ta sake yin haka, ya fito iri ɗaya.

Na ce wataƙila ta yi kuskure. Ta ce, "Wataƙila." Na ce wataƙila ta taɓa tsinkewa wani ya ƙulla, muka bi zaren tare, ba ƙulli ko ɗaya sai nawa. Na ɗauko faranti na yanke zaren, na yi abin da ya kamata in yi shekara shida baya. Tsibi casa'in da tara, goma-goma. Na tashi na shiga ɗaki na lalubo gwangwanin nan a bayan tasoshi. Liman goma suna ciki yadda na zuba su.

Mai tasbahar Buza bai yi ƙarya ba. A bakin ƴan kasuwa, mai casa'in da tara ita ake ce wa mai ɗari, don liman ke cika ta. Ni da hannuna na cire na ɗarin daga kowace. Kowane ƙwallon dabino da muka jefa a kwano ɗari tara da casa'in ne. Goma sau saba'in, ɗari bakwai. Kowane mamaci mun tsaya masa a dubu sittin da tara da ɗari uku na ce an cika. Mutum sha uku, dubu tara da ɗari.

Da maigida ya dawo daga gona na gaya masa. Ya dubi gwangwanin. Ya ce, "Ni na sawo su, laihin rabi nawa na. Ki ƙara goman, ki zauna ki ja dubu tara da ɗarin ke ɗaya. Sati guda ya ishe ki. In kinka hita kinka hwaɗi, wa zai sake sayen tasbaha gare ki?"

Maganarsa gaskiya ce. Sana'ar ba ta da jari sai yarda. Da ita na yi wa ɗiyata ta fari kayan ɗaki, da ita muke cike giɓin rumbu in hatsi ya ƙare kafin kaka.

Na je wurin Malam Idi bayan azahar, na tsuguna daga bakin zaure. Ya saurara har na gama, sannan ya yi ƴar dariya. "Habsu, ke da ke gyara muna lissahi." Ya ce abin da aka ja ba ya zubewa ƙasa, Allah ba ya ɓatar da ko kalma ɗaya, kuma in na cika ni kaɗai ya wadatar. Na ce to maganar da na faɗa wa mutane fa, cewa an cika? Ya ce, "Wagga kam tsakaninki da su ta. Ban ce dole ba, ban ce ki bari ba."

Abin da ya tsaya mini shi ne yarinyar. Ta san goma babu. In na yi shiru, ita ma na koya mata yin shiru ke nan, a kan mahaifiyarta. Kuma a cikin sha ukun nan akwai wadda ta tambaye ni ko na ƙidaya.

Na yi kwana huɗu ina bin gidaje da gwangwanin a hannu. A kowane gida in zauna, a gaisa, in zube liman goma a kan tabarma, in yi bayani. Wasu ba su gane ba sai da na maimaita. Wata, da mijinta ya rasu shekara biyar baya, ta saurara ta kwashe da dariya har da hawaye. "Baban su Ali ko da rai bai taɓa cika aiki ba. Gonarshi kullum da saura. Ashe har can ta bi shi." Wani dattijo ya ce ba komai, Allah ya ga niyya, ya sa aka ba ni gyaɗa. Ɗan Inna Cima kuwa, sai da na kai ƙofa ya ce, "Da tana nan da kin sha magana." Na ce da na sha.

Hajiya Dije ce ta ƙi karɓar gaisuwata ta biyu.

"Shekara huɗu Alhaji shina jiran ɗari bakkwai, ke kina nan kina hura hanci da koleji? Mu da ba mu yi lakkwal ba munka yarda da ke. To wadda kinka saida mani bara hwa, ita ma da giɓi?"

Ta shiga ta ɗauko ta, ta ƙidaya a gabana da ƙarfi, yara suna leƙe. Ta fito ɗari. Ta ce, "Wagga ta tsira." Ta ce ba ta sake zama da'irar da ni ke riƙe da ƙwarya.

Labari ya kai kasuwa kafin in kai gida. Wata uku ba wanda ya kawo mini ko gyara. Da suka fara dawowa, kowa sai ya tsaya a ƙofa ya ƙidaya kafin ya karɓa, har masu mota da tasu mai talatin da uku. Har yau haka ake yi a gidana, ni nake ce wa mutum ya ƙidaya, kuma na gode wa Allah da hakan. Na gode masa da ya tona abin ina da rai da lafiyar gyarawa, da sauran waɗanda suka san sunayen mamatan. Da ya bar shi sai bayan raina, da tasbahar ta ci gaba da yawo gida-gida da giɓinta, kowa yana cewa ai ta Habsu ce. Shi ya sa ku ma sai kun yi wata shida a kan faranti kafin in ba ku allura. Wadda ta ga ya yi mata yawa, ga masu koyon saƙa can.

Don cikawa, na shirya tasbaha bakwai masu ɗari cif, ban da liman, kowace na ƙidaya ta sau uku. Ɗari bakwai ta fi dubu saba'in sauƙin hali: mata bakwai, kowa zagaye ɗaya, an gama wa mutum guda. Muka samu shida da suka yarda su bi ni. Kullum da hantsi mu shiga gida ɗaya, a ambaci sunan mamaci, mu ja, mu yi addu'a, mu fito. Aikin bai kai tsawon dahuwar shayi ba. Mun bi su yadda suka rasu, na farko har na sha biyu. Ranar gidan Alhaji, Hajiya Dije ba ta zauna da mu ba, amma ta sa kujera a gefe, ta karɓi tasbaha bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya ta ƙidaya kafin ta bari mu fara. Daga ranar kullum sai ta biyo mu, wai ta ga kada a sake.

Gidan Haway ne na ƙarshe. Da muka taru sai muka ga mu shida ne, ɗayarmu ta tafi suna Keita. Wata ta ce a raba ɗari bakwai shida. Na ce ba ta rabuwa, ɗari da sha shida-shida ne, huɗu su rage. Wata ta ce to ni in ja biyu, tunda ni na jawo. Na ce na yarda. Na miƙa hannu zan ɗauki ta bakwai ɗin daga tabarma, sai Hajiya Dije ta taka ta da sandarta.

Balki tana tsaye a bakin ɗakin mahaifiyarta da butar ruwa, yadda aka koya mata.

"Ke, aje butar ga," in ji Hajiya Dije. "Kina da alwala?"

"Ina da ita, Hajiya."

"To zamna. Cikinmu dut ba wadda ta kai ki ƙidaya."

Wata ta fara cewa ai yara ba su zama. Hajiya Dije ta ce, "Manya sun zamna shekara shidda, kin ga abin da sunka yi."

Yarinyar ta zauna kusa da ni, ta gyara ɗankwali. Muka fara tare. Mu da bakinmu ya saba mun gama da wuri, ita kuwa a hankali take yi, kowace kalma sai ta fito da ita duka kafin ta tura ɗa. Muka riƙe namu a hannu muna jiranta, ba wadda ta motsa. Da yatsanta ya taɓa liman ta ɗago kai ta dube ni. Na ce, "An cika. Allah shi kai lada kabarinta." Aka shafa.

Mata suka miƙe suna neman takalma. Balki ta miƙo mini tasbahar, na ce ta riƙe, tata ce. Ta naɗe ta a hannu sau biyu, ta rako ni har bakin katanga.

"Inna Habsu," ta ce, "da ba ki rage goman nan ba, da ban samu na yi ma innata ko guda ba."